Harshen Horo a Bakin Tasha: Lafiyar Leburorin Tashoshin Jiragen Ruwa da Maƙerunsu



Mai yiwuwa ne wanda ya ga kan wannan lacca ya tambayi kansa, ya ce me ya haɗa mutumin Taura da teku? Tambayar tana bisa hanya, domin daga Taura zuwa Ikko ya fi kilomita 1,000, ruwa mafi girma kuwa da yawancin mutanen wannan yanki suka sani shi ne kogin Haɗeja idan ya yi ambaliya da damina. Amma duk da haka dangantakar daɗaɗɗiya ce. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sa'an nan aka ja reshensa ta Ringim da Taura da Gagarawa da Malam Madori, har ya kai Nguru a 1930. Dalilin jan wannan reshe kuwa bai wuce gyaɗa da fatu da sauran amfanin ƙasa ba. Buhun da ɗan dako ya ɗora a kansa a tashar Taura, shi ne wanda wani lebura ya sauke a Apapa ya cusa a cikin jirgin ruwa mai tafiya Ingila. Watau aiki ɗaya ne mai baki biyu, ɗaya a tudu ɗaya a gaɓar teku.

Bayan kaya, mutane ma sun bi hanyar. Tun zamanin Turawa Hausawa suke dako a bakin tashoshin Afirka ta Yamma, daga Ikko da Fatakwal har Kwatano da Lome da Takoradi, suna zaune a unguwannin da ake kira zango. Shaidar wannan tana nan a harshe, don kuwa a ƙasar Gana sunan da ake kiran 'yan dako da shi daga kalmar "kaya" ta Hausa ya fito. Har yau kuma, da an gama girbi, samari daga Taura da Ringim da Jahun da Kiyawa sukan tafi cin rani kudu, daga cikinsu akwai waɗanda kan ƙare a kewayen tasha: wani ɗan dako, wani yaron mota, wani direban tirela, wani mai gadi, wani mai taya mai walda riƙe ƙarfe.

Har ila yau, tashar ma ta soma tahowa tudu da kanta. An buɗe tashar tsandauri ta Kaduna a watan Janairu na 2018, ta Dala a Kano a Janairun 2023, ta Funtuwa kuma a 2024. A 2021 aka aza harsashin titin jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka tsara masa reshe zuwa Dutse. Riɗi da zoɓorodon da ake nomawa a Jigawa cikin kwantena suke barin ƙasar nan. Saboda haka injin ɗaga kaya da motar jera kwantena da sauran kayan aikin da a da sai an je Apapa ake ganinsu, sun riga sun iso maƙwabta, haɗarinsu kuma tare da su ya zo.

Abin da wannan lacca za ta tsaya a kansa guda ɗaya ne: horon tsaron lafiya da ake yi wa irin waɗannan ma'aikata bai cika ba sai ya shiga kunnensu da harshen da suke tunani da shi, sarrafa Hausa kuwa ta ɗauki wannan nauyi aiki ne da ya fi fassara wuya.

Abin da ke kashe lebura

Kafin a zo kan harshe, ya kamata a san abin da ake so harshen ya faɗa. Aikin tasha ya sake kama tun daga 1956, shekarar da wani Ba'amurke mai suna Malcom McLean ya ɗora akwatunan ƙarfe 58 a kan jirgi daga Newark zuwa Houston. Daga nan kwantena ta mamaye duniya. A zamanin buhu, abin da ya fi damun lebura shi ne ciwon baya da na wuya da karaya. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawara a 1967 cewa kada namiji baligi ya riƙa ɗaukar abin da ya wuce kilo 55 shi kaɗai, alhali kuwa buhun hatsi mai kilo 100 shi ne abin da ɗan dako ke saɓawa kullum a kasuwannin arewa. Kwantena ta rage wannan wahala a tasha, amma ta kawo wata. Ƙaramar kwantena, ko babu kome a cikinta, ta haura tan 2, idan an cika ta kuwa tana iya kai tan 30. Buhu in ya faɗo wa mutum yana iya kwanciya jinya. Kwantena ba ta barin na jinya. Mutanen Ikko sun ga haka a Ojuelegba a watan Janairu na 2023, lokacin da wata ta zamo daga kan tirela ta danne motar haya, mutum 9 suka rasu. Direban motar jera kwantena kuma, idan ya ɗauko kaya, ba ya ganin abin da ke gabansa sosai, ƙarar injuna kuwa ba ta barin mai tafiya a ƙasa ya ji tahowarsa.

Wannan haɗari ne da ido ke gani, hankali ma yana iya nuna wa mutum shi. Wanda ya fi buƙatar horo shi ne wanda ba a gani, watau lalacewar iskar shaƙa a wurin da yake rufe. Jirgin ruwa cike yake da irin waɗannan wurare: rumbunan kaya, tankunan mai, tankunan ruwan da ake daidaita nauyin jirgi da shi, da ƙananan lunguna tsakanin bango da bango. Iskar da ɗan Adam ke shaƙa tana da oksijin wajen kashi 21 cikin ɗari. Ƙa'idar da ake bi a ƙasashe da yawa ita ce, da ya sauka ƙasa da kashi 19 da rabi, ba a yarda mutum ya shiga haka kawai ba. To, me ke cinye shi? Tsatsa tana cinye shi, domin tsatsa ƙarfe ne ke haɗuwa da oksijin sannu a hankali. Katako da gawayin kwal da hatsi da tarkacen ƙarfe duk suna cinye shi idan an rufe su kwana da kwanaki a cikin rumbu. Wurin da hakan ta faru ba ya wari, ba ya hayaƙi, ba ya canza launi. Mutum yana sauka kan tsani, kafin ya kai ƙasa sai jiri, sai faɗuwa. Abokin aikinsa ya leƙa ya gan shi kwance, zumunci ya motsa, ya bi shi, shi ma ya faɗi. Binciken da aka yi a Amurka ya nuna cewa kaso mai yawa na waɗanda ke mutuwa a irin waɗannan wurare masu ƙoƙarin ceto ne. Wannan labari ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Kusan kowace shekara akan ji shi game da yasar rijiya ko gyaran masai, inda ɗa ya shiga, uba ya bi shi, maƙwabci ya bi uba.

Akwai kuma iska mai guba. Wata tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, ana samunta a tankunan ɗanyen mai da na ƙazanta, muguntarta kuwa ita ce idan ta yi yawa sai ta kashe jin warin, mutum ya ɗauka ta wuce. Wata ita ce ta hayaƙin inji, irin wadda kan hallaka iyali guda idan an kwana da janareta a ɗaki. Wata kuma manomin Taura ya san ta sarai, ko da bai san sunanta na kimiyya ba, don ita ce ke fita daga ƙwayar maganin da ake jefawa cikin buhun wake saboda ƙwari. Da irinta ake turara hatsi a rumbun jirgi da cikin kwantena. Wanda ya buɗe ƙofar kwantenar da aka turara ya kutsa kai nan take, guba ya shiga.

Na uku shi ne wuta. A maƙerar jiragen ruwa walda da yankan ƙarfe ba sa tsayawa, jirgin da aka kawo gyara kuwa yakan zo da ragowar mai a tankunansa. Tankin da aka zuƙe ya fi cikakke haɗari, saboda tururin mai ne ke kamawa, tururi kuwa sai ya sami fili ya gauraya da iska. Ranar 12 ga Oktoba 1978 wani jirgin dakon mai na Girka mai suna Spyros ya yi bindiga ana cikin gyaransa a maƙerar Jurong ta Singafo, mutum 76 suka mutu. A tashar Beirut ta Lebanon, ranar 4 ga Agusta 2020, tan 2,750 na wani sinadari da ake yin takin zamani da shi, wanda ya shekara shida jibge a sito, ya tashi bayan gobara ta kama, ya kashe fiye da mutum 200, ya raunata dubbai, ya rushe unguwanni.

Doka ba ta yi shiru ba

Ba za a ce babu doka ba. Tun 1929 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsayar da cewa duk ƙunshin da ya kai tan ɗaya a rubuta nauyinsa a jikinsa kafin a ɗora shi a jirgi. A 1932 ta yi yarjejeniyar kare leburorin tasha daga haɗari, a 1979 ta sabunta ta da yarjejeniya mai lamba 152, wadda ta ce kada a sa kowa aikin tasha sai an koya masa haɗarin da ke cikin aikin da hanyoyin kauce masa, kada kuma a damƙa injin ɗaga kaya ga wanda bai kai shekara 18 ba. A nan gida, Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta Nijeriya ta fara aiki a 1955. Akwai Dokar Masana'antu ta 1987. Akwai hukumar NIMASA, wadda dokarta ta 2007 ta ɗora mata rajistar leburorin tasha da lura da horonsu. Akwai Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata zuba kashi 1 cikin ɗari na jimlar albashi a asusun NSITF. Daga 2006 kuma aka ba kamfanoni hayar tashoshin, manyansu suka shigo da hular kwano da riga mai ƙyalli da takalmin ƙarfe da allunan gargaɗi.

Sai dai duk waɗannan da Turanci aka rubuta su, da Turanci ake koyar da su, da Turanci ake jarrabawa a kansu. Sa'an nan wanda suka fi kamawa shi ne ma'aikaci mai rajista, mai lamba, mai ƙungiya. Ɗan cin rani ba ya cikin wannan sahu. Shi a bakin ƙofa yake, ɗan kwangila ya ɗauke shi yau ya sallame shi gobe, aikin da ake ba shi kuwa sau da yawa shi ne mafi ƙazanta: sharar rumbu, kankare tsatsa, fitar da kaya daga kwantena a sito. Idan an yi taron gargaɗi na safe yakan tsaya a baya, ya gyaɗa kai, ya dangwala yatsa a takarda. Takardar za ta nuna an horar da shi. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ci karo da irin wannan matsala game da baƙin ma'aikata, har a 2010 ta fito fili ta ce horon da doka ke nufi shi ne wanda aka yi da harshe da kalmomin da ma'aikaci ke fahimta. Wannan hukunci ne mai ma'ana, ya kuma dace a yi koyi da shi.

Wahalar mayar da gargaɗi Hausa

To, sai wani ya ce abin mai sauƙi ne, a samo mai jin Turanci da Hausa ya fassara. A nan ne gizo ke saƙa, domin fassarar da ba a yi nazarinta ba tana iya kai mutum inda ake so a hana shi zuwa.

A ɗauki kalmar "iska". A Hausa iska ita ce abin shaƙa, ita ce mai kaɗawa, ita ce kuma aljani. Idan aka ce wa saurayin da ya taso a ƙauye akwai muguwar iska a cikin wannan rami, ba lalle ne ya fahimci abin da injiniya ke nufi ba. Yana iya ɗauka maganar mutanen ɓoye ake yi, maganinsu kuwa a wurinsa addu'a ce da laya da ƙarfin zuciya, saboda haka sai ya yi bismilla ya sauka. In kuwa aka ce "gas", hankalinsa zai tafi ga na girki, wanda ke da wari, ya sunsuna bai ji kome ba, ya ce lafiya lau. Bai san warin na girki zuba masa aka yi da gangan don a gane yoyonsa ba. Abin da ya fi shi ne a bar neman kalma guda a yi bayani da abin da ya sani: a ce wannan rami kamar tsohuwar rijiya ce da aka daɗe da rufewa, numfashin cikinta ya ƙare, hanci ba ya ganewa, na'ura kaɗai ke ganewa, ba a shiga sai an auna, sai an hura iska, sai da igiya a ƙugu da mai tsaro a baki. Sa'an nan a faɗa masa magana mafi nauyi, wadda ta saɓa wa tarbiyyarsa: in ɗan'uwanka ya faɗi a ciki, kada ka bi shi, ka yi kururuwa. Wannan jumla ba ta shiga zuciyar Bahaushe da faɗa ɗaya. Sai an zauna da shi an nuna masa cewa tsayawarsa a baki ita ce taimakon, shigarsa kuwa ƙara wa masu ceto gawa ce.

Haka kalmar "wuta", wadda ta haɗa ta murhu da ta lantarki. "A kashe wuta kafin a fara aiki" umarni ne mai fuska biyu. Haka "mai", wanda ya haɗa fetur da gas na mota da baƙin mai da man gyaɗa, alhali kamawarsu ba ɗaya ba ce ko kusa. Fetur yana fitar da tururi mai kamawa ko da sanyin hunturu, tururin ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa yana kwanciya a kwari da lambatu, yana iya tarar da tartsatsi a nesa ya jawo wutar zuwa tushensa. Wanda bai san wannan ba yana ganin in dai bai taɓa ruwan man da ashana ba, ya tsira.

Akwai misalin da ya fi waɗannan ban tsoro a wajen masu aikin igiya. "Sake shi" da gajeren wasali yana nufin a cika shi ya tafi. "Sake shi" da dogon wasali yana nufin a maimaita ko a canza. A rubuce ba su da bambanci, a baki kuwa tsawon wasali da karin sauti ne kawai suka raba su, waɗannan kuma su ne abin da ƙarar inji ke fara haɗiyewa. Mutumin da aka ce wa ya sake ɗauri yana iya sakin igiya. Saboda haka kalmomin umarni a bakin aiki sai an zaɓe su da kunne: su zama gajeru, kada biyu su yi kama, kada ɗaya ta ɗauki ma'ana biyu. "Tsaya" ta isa ga tsayarwa, kada a riƙa musanya ta da "dakata" yau, "bari" gobe. Kowace kalma kuma a haɗa ta da alamar hannu guda, mai ba da alama ya zama mutum ɗaya tak, in ban da alamar tsayarwa wadda kowa ke da ikon bayarwa.

Ko rubutun allo yana da nasa tarko. Mai buga allo da ba shi da haruffa masu lanƙwasa yakan rubuta "hadari" a maimakon "haɗari", watau ya yi gargaɗin ruwan sama a inda ake nufin mutuwa. Mai karatu yakan gane daga muhalli, gaskiya ne, amma allon da ya ba mutum dariya ya rage kwarjini. Sa'an nan da yawa daga 'yan cin rani almajirai ne da suka fi sakin jiki da ajami a kan boko. Tun da an ga dacewar sa ajami a takardar kuɗi shekara da shekaru, babu dalilin da zai hana a sa shi a ƙofar tanki.

Mafi zurfin matsalar tana cikin kalmar "tsautsayi". Turanci ya ware kalma ga abin da ke iya cutarwa, wata ga yiwuwar cutarwar, wata ga aukuwarta. Hausar yau da kullum takan tattara su a "haɗari", idan abin ya auku kuma ta ce tsautsayi ne, tsautsayi kuwa an ce ba ya wuce ranarsa. Da an kira abu da wannan suna an rufe bincike, don ba a tuhumar kowa a kan abin da ranarsa ta zo. Amma harshen bai rasa sauran kalmomi ba. Yana da "ganganci", yana da "sakaci", yana da "kasada", yana da "garaje", kowacce kuwa tana nuna akwai mai laifi. Igiyar da ta tsinke bayan an ga zarenta ya fara warwarewa mako guda, sakaci ne. Aika yaro cikin tanki ba a auna ba, ganganci ne, na wanda ya aika shi. Malaman addini sun daɗe da rarrabe tawakkali da sakaci, sun kuma karantar da cewa riƙon sababi ba ya warware imani da ƙaddara. Mai horon da ya san wannan ba zai yi jayayya da aƙidar lebura ba, zai tsaya ne a kanta. Wanda bai sani ba kuwa yakan koma ofis ya rubuta cewa mutanen nan ba sa jin magana.

Ba yau aka fara sa Hausa ɗaukar sabon ilmi ba. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939, aka yi Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950 da ƙananan littattafai a kan noma da tsabta da kiwon lafiya, aka kafa Hukumar Hausa a 1955 tana tace sababbin kalmomi, Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta ɗora daga nan har ta fitar da ƙamusunta a 2006. Darasin da aka koya a wannan doguwar hanya shi ne kalmar da aka ƙera a ofis ba ta cika rayuwa ba idan ma'aikata sun riga sun raɗa tasu. Lebura ya riga ya ce kwantena, ya ce walda, ya ce tirela, ya ce hular kwano. Aikin masani shi ne ya je bakin tasha da littafinsa ya ji abin da ake faɗa, ya tace, ya cike giɓi. In ya zauna a jami'a ya ƙago wa kwantena suna mai gaɓa bakwai, shi kaɗai zai riƙa faɗarsa.

Komawa Taura

Wanda ke ganin duk wannan magana ce ta nesa, ya tuna daren 15 ga Oktoba 2024 a garin Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura. Tankar fetur ta faɗi, mai ya malala cikin lambatu, jama'a suka taru, wuta ta tashi. Fiye da mutum 150 suka rasu a kwanakin farko, adadin ya ci gaba da ƙaruwa a asibitoci. Allah ya jiƙansu. An yi maganar talauci da tsadar mai, maganar kuwa gaskiya ce. Amma abin da ya kashe su shi ne tururin nan da ake koya wa ma'aikacin tashar mai a makonsa na farko, da alamar jan lu'ulu'u mai lamba 3 da tsarin duniya na kaya masu haɗari ya ware wa ruwa mai kamawa. Ilmin yana nan a rubuce tun 1965, lokacin da aka tsara wannan ƙa'ida domin jiragen ruwa. Man ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita ya iso Majiya, bayanin halinsa bai biyo shi da harshen mutanen garin ba.

Haka kuma sha'anin fito. A daminar 2024 kwalekwale ya kife da fasinjoji kusa da Nahuce a ƙasar Taura, a daminar 2025 wani ya kife a wajen Zangon Maje, aka yi asarar rayuka a duka biyun. Mashigin kwalekwale ƙaramar tasha ce: akwai lodi, akwai iyakar nauyi, akwai lokacin da bai kamata a tashi ba. Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, wadda aka kafa a 1997 mai hedkwata a Lakwaja, tana da ƙa'idoji a kan rigar kariya da hana tafiyar dare da hana lodin wuce kima. A bakin kogi kuwa wanda ake jin maganarsa shi ne Sarkin Ruwa da dattawan masunta. Su ne suka san inda ruwa ke juyawa da inda yashi ya ƙaura bana. Horon da ya tsallake su ya je ya tara mutane a sakatariya, zai ƙare a hoto da kuɗin zama.

Wannan ya nuna inda ma'aikatan gwamnati da jami'o'in jihar za su sa hannu ba tare da jiran Ikko ko Abuja ba. Lokacin tafiya cin rani sananne ne, watau bayan girbi, wuraren tashi ma sanannu ne, watau tashoshin mota da ranakun kasuwa. Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamiɗo ta Kafin Hausa suna da ɗaliban harshe da na kimiyya a harabar guda. Ɗalibin Hausa da ke neman abin da zai rubuta kundin digiri a kai yana iya tattara kalmomin 'yan dako da direbobin tirela da masu walda da masu fito, ɗalibin kimiyya ya duba ko bayanin ya yi daidai, a gwada shi a kan tsofaffin 'yan cin rani da suka dawo gida, a gyara inda suka yi dariya ko suka yi shiru. Abin da ya fito a karanta shi a gidan rediyon jihar, a naɗe shi gajeru-gajeru yadda za a tura ta waya, tun da wanda ba ya karatu ma yana sauraron saƙon murya. Sashen ƙwadago kuma, idan ya zo duba sito ko wurin lodin riɗi a Maigatari, kada mai dubawa ya tsaya ga takardar da aka dangwala wa yatsa. Ya kira lebura ɗaya gefe, ya nuna masa kwantenar da ke rufe, ya tambaye shi da Hausa abin da zai yi kafin ya shiga, da abin da zai yi in wanda ya riga shi shiga bai fito ba.